Kafin Jirgin Yaya Ya Tashi

A gidanmu waya ɗaya ce ta kowa da kowa, kuma ni ce mai riƙe ta. Ba don na fi kowa wayo ba. Baba yana yawan ƙetarawa Maraɗi da hatsi, yana tafiya da tasa. Inna ba ta son taɓa ta, Kaka kuwa cewa take yi abin yana sa mata ƙaiƙayi a kunne. Sai aikin ya faɗo kaina tun ina aji ɗaya a sakandare. Ni ke kai ta caji, ni ke sanin wanda ya kira, ni ke ɗaukar saƙo daga baki zuwa baki. Ga shi ni ba mai magana ba ce. A aji ma sai malami ya kira ni sau biyu kafin muryata ta fito.

Unguwarmu tana dab da shingen kan iyaka, kuma sabis ɗinmu ba shi da alƙawari. A cikin gida wuri ɗaya yake kamawa, bakin rijiya, shi ma in ya ga dama. Wani lokaci layin Nijar ne zai shigo ya danne namu, saƙo ya faɗo da Faransanci yana yi mini barka da zuwa ƙasar da ban taka ba. In rijiya ta ƙi, sai in sa hijabi in fita bakin titi, gindin wata bishiyar bedi, wato darbejiya, kusa da teburin mai shayi, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a ɗaga musu sanda. Can sabis ba ya gudu.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta yaye shi, a ɗakinta ya girma. Da ya gama sakandare aka ɗauke shi karatu, ya yi shekaru ba ma ganinsa sai a hoto, ya dawo yana aikin tuƙin jirgin sama, mataimakin matuƙi. Mutanen unguwa har yau wasu ba su yarda ba. Akwai wadda ta tambayi Kaka ko dai shi ne mai raba abinci a ciki.

Kaka 'yar wajen Maraɗi ce, harshenta bai taɓa sauyawa ba. Ita ta kafa dokar cewa ba zai tashi ba sai ya kira ta ta yi masa addu'a. Matafiyi ba ya fita bai sallami manya ba, ta ce, ko da jaki zai hau, balle abin da ba shi da ƙasa a ƙarƙashinsa. Shi kuma bai taɓa saɓawa ba. Duk ranar da yake da tashi, kafin ya shiga jirgi, wayar za ta yi ƙara. In kai wa Kaka turmi ta zauna a bakin rijiya, in riƙe mata wayar kusa da kunne ba tare da ta taɓa shi ba.

"Maigida, za ka tahi kuma ba ka bar cefane ba?"

"Haba matata, wanda na bari jiya fa?"

"Wane jiya? Miji marowaci. To, Allah shi kiyaye, shi ɗaga ka lahiya, shi sauke ka lahiya, shi rufe idon mugu."

Kullum haka, da cefanen da addu'ar. In sabis ya ƙi a rijiya, ita za ta faɗa mini, ni in kai bakin titi in maimaita masa.

Wata shekara ya zo hutu a farkon damina. Rana ɗaya yana son kiran wurin aikinsu, na raka shi gindin bedi don in nuna masa daidai inda ake tsayawa. Ya gama wayarsa, ya sayi shayi, ya saya mini burodi, na riƙe shi a cikin hijabi don ba zan iya ci a titi ba. A lokacin aka ɗaga sanda, wata tirela shaƙe da buhuna ta ja ta fita, tana ƙara gudu. Wani mai babur da ya ɗaure jarkoki har sun fi kansa tsawo ya biyo ta a manne. Yana zuwa daidai mu sai babur ɗin ya yi rawa, ya karkata hagu, ya karkata dama, mutumin ya sauke ƙafa yana jan ta a kwalta har ya samu ya tsaya. Takalminsa ɗaya ya rage a tsakiyar titi.

"Auta, kin ga abin da ya faru?" in ji Yaya.

Na ce motar ba ta taɓa shi ba.

"Ba ta taɓa shi ba. To me ya taɓa shi?"

Na daɗe da lura da wani abu a wurin nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mai shayi ba ya rufe kofunansa lokacin da mota ke wucewa. Sai ta wuce tukuna yake ɗora faranti a kai, don ƙurar a bayanta take zuwa, tana juyi, da ledoji da ɓawon gyaɗa. Na faɗa wa Yaya haka a hankali, ina kallon ƙasa.

Ya ajiye kofinsa. "To jirgi ma haka yake, sai dai nasa ya fi. Kowane fiffike yana barin guguwa a bayansa, guda biyu ke nan, suna murɗewa kamar ana tufka igiya. Nan kin ga ƙura da leda sun tona mata asiri. Can babu leda. Sama wasai, ba ki ganin komai, amma tana nan tana jira, tana sauka a hankali. In babban jirgi ya tashi, wanda bai kai shi ba ya biyo shi da gaggawa, sai ta kama masa fiffike ɗaya ta juya shi kamar faifai. Kuma lokacin kana kusa da ƙasa, babu wurin gyara."

"To ya kuke yi?"

"Jira. Mutanen hasumiya, masu ba jirgi izinin tashi, su ce ka dakata, ka dakata. Kai ma idonka yana kan na gabanka, ka ga inda ya ɗaga, ka san ta ina iskar ranar za ta kaɗa abin da ya bari."

Mai shayi yana jin mu. Ya ce, "Ashe ku ma layi kuke bi kamar 'yan tirela. Akwai kwastan a saman?"

"Akwai, Malam, sai dai ba a sauka a gaisa da su."

Suka yi dariya. Yaya ya juyo gare ni ya ci gaba, kamar abin ya daɗe yana son wanda zai faɗa wa. Ya ce shi ya sa daga jirgi ya fara motsi har su yi nisa a sama, an hana su hira. Su biyu ne a gaba, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana lura da allo yana amsa rediyo, kuma babu maganar da za ta fito sai ta aiki. Ko kyaftin ne ya tuna wani labari mai daɗi, haɗiye shi zai yi.

"Baki dai yana rufuwa," ya ce. "Wahalar ita ce wanda ya shigo da wani abu a ransa. Za a ce masa ya dakata, ya amsa da bakinsa daidai, amma bai ji ba. Jikinsa yana kujera, shi yana gida."

Ya ɗauki kofinsa ya shanye, muka koma. Na tabbata kafin mu kai ƙofar gida ya manta ya faɗa. Ni kuwa maganar ta zauna mini.

Daga ranar na daina jin daɗin ƙarar wayar. Kaka ba addu'a kaɗai take yi ba, sai ta haɗa masa da labarin gida kaf. Ɗakin baya yana yoyo. An kama motar wane a duwan, wato kwastan na Nijar. Ɗiyar wance ba ta da lafiya. Ina riƙe da wayar, ina jin kamar kowace kalma dutse ce ake saka masa a aljihu. Ranar da jar akuya ta mutu na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, kar ki faɗa masa yanzu."

"Ke, akuyarshi ce. In ɓoye ma mutum mutuwar dukiyarshi?"

Ta faɗa masa, har da yadda cikinta ya kumbura. Na wuni ina kasa kunne ban san me nake jira in ji ba. Da yamma ya turo hoton gajimare.

Abin da nake son ba da labari ya faru a hutun ƙarshen zango, ina aji biyu. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laima, tsakar gida duk sawun kaji. Baba ya ƙetara tun shekaranjiya. Yaya kuma ya faɗa mana a jiya cewa yana da tashi da hantsi.

Ina zaune gaban Kaka tana shan koko. Abin da na fara gani shi ne kokon yana zubowa ta gefen bakinta na hagu, ita kuma ba ta goge ba. Kaka mace ce da ko ɗigo ya taɓa mata zane sai ta tashi ta canza. Sai ludayin ya sulale daga hannunta ya faɗa cikin kwano. Ta dube shi, ta dube ni, ta buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Ta zame gefe a kan tabarma a hankali, kamar buhun da ba a jingine daidai ba.

Ban san na yi kira ba sai da na ga Inna a kanmu da hannu duk kumfar wanki. Ta tura ni gidan Nas, maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna da aka turo aiki garinmu tun kafin a haife ni. Na same ta tana shanya, ta biyo ni da abin awon jini a hannu, ɗankwalinta a kafaɗa. Ta auna, ta ɗaga hannun Kaka na hagu ta sake shi ya faɗi, ta ce ta yi murmushi, rabin fuskar kaɗai ya motsa.

"Kar a ba ta komai ta baki, ko ruwa," in ji Nas. "Katsina za mu, yanzu. Bari in sa maigidana ya nemo mota."

Na gwada layin Baba a bakin rijiya, babu sabis ko ɗigo. Inna ta fito daga ɗaki tana ɗaura zane a kan zane.

"Je ki bakin titi. Ki nemi babanku. In yayanku ya kira, ki gaya masa ta faɗi, bakinta ya karkace, ya taho."

Na ce, "Inna, yau zai tashi."

"To?"

Duk bayanin yana cikin kaina, guguwar da fiffiken da mutumin da ke amsawa bai ji ba. Amma ban taɓa yi wa Inna doguwar magana ba, kuma ban san ta inda ake fara wannan ba. Na ce, "Ko a bari ya sauka."

"In babanku ba ya nan, wa ke nan? Ita ta raine shi. Wuce ki tafi."

Kafin in fita na leƙa ɗakin. An gyara wa Kaka kwanciya a kan gefenta. Idonta na dama a buɗe yake tar, kuma ba ni take kallo ba, wayar da ke hannuna take kallo. Ta san lokacin kiransa ya yi. Leɓenta yana motsi, yatsunta na dama suna tattara bakin zane suna saki. Na tsaya ko zan gane abin da take cewa. Nas ta ce in tafi, ana ɓata lokaci.

Hanyar duk taɓo ce, silifas ɗina yana mannewa yana fincikewa. Na isa gindin bedi, ganyen yana ɗigo mini a ka. Layin motoci ya yi tsawo ranar saboda ruwan ya tsayar da aiki, direbobi sun cika bencin mai shayi, wasu suna matse tamfol. Na kira Baba, wata mata ta yi mini bayani da Faransanci. Na sake kira, ita ce dai. Ina cikin haka wayar ta yi rawa a hannuna.

Na bar ta ta yi ƙara har na ji tsoron za ta yanke.

"Auta, ina matata?"

Bayansa ina jin muryar mace a lasifika, da ƙarar tayoyin akwati a kan daɓe mai santsi. Muryarsa sakayau, irin ta wanda ya yi barci ya ƙoshi.

"Tana ciki."

"Rijiya ta ƙi ke nan."

"E."

Wannan gaskiya ce, na riƙe ta da ƙarfi.

"To me ta ce? Yi sauri, ana jirana."

Na rufe ido. Na ga kujerarsa yadda yake a hoto, da allon nan mai fitilu, da wani ƙaton jirgi a gabansa yana ɗagawa. Na kuma ga idon Kaka a kan wayar. In na yi shiru, wataƙila ba zai sake jin muryarta ba, kuma ni na hana. In na faɗa, zai shiga da shi.

Na ce, "Ta ce Allah shi kiyaye, shi ɗaga ka lahiya, shi sauke ka lahiya, shi rufe idon mugu."

"Amin, amin." Ya ɗan dakata. "Yau ba ta neman cefane?"

Na manta da cefanen. Tun daga gida nake maimaita addu'ar a zuciya don kar muryata ta karye a tsakiya, ban tuna da abin da ke zuwa kafin ta ba.

"Ta nema," na ce.

Shiru. Matar lasifikar ta sake magana.

"Auta, lafiya dai?"

A daidai nan aka ɗaga sanda, motar farko ta danna ƙaho ta taso, ƙasa tana girgiza. Na matsa kusa da titi da gangan don ƙarar ta shiga wayar.

"Lafiya lau. Motoci ne."

"To," ya ce. "Ki gaida mutanen gidan."

Ya kashe. Motar ta wuce, bayanta iskar ta zo ta finciki hijabina, ta watsa mini ruwan kwalta a ƙafa.

Ban koma gida ba, don ban san fuskar da zan shiga da ita ba. Ina nan tsaye wata tsohuwar motar haya ta fito daga lungunmu tana tangaɗi a cikin taɓo. Mijin Nas yana gaba. A baya an kwantar da Kaka, kanta a cinyar Nas, Inna ta takure a gefe. Suka tsaya daidai ni, Inna ta sauke gilashi da hannu biyu.

"Kin samu babanku?"

"Ba ya shiga."

"Wancan fa?"

"Ya kira."

"Ya ce me?"

Na ce ban gaya masa ba.

Inna ba mai faɗa ba ce a waje. Ta dube ni kawai, kallon da ya fi mari. Ta miƙo hannu na ba ta wayar, ta juya ta, ta rasa inda ake dannawa, ta miƙo mini. "Kira shi." Na kira. A kashe. Na san zai kasance a kashe, ya riga ya shiga jirgi.

"In ta cika bai ji ba," Inna ta ce, muryarta ƙasa ƙasa don kar direba ya ji, "ke za ki gaya masa dalili. Ni ban san dalilin ba."

"Maman yara, a bar wannan sai mun dawo," in ji Nas. "Direba mu je. Ke kuma tsaya nan da wayar, lambata tana ciki."

Na hango ƙafar Kaka ta gilashi, da lallen da na sa mata ranar Juma'a, ya fara komawa ja. Motar ta hau kwalta ta yi kudu.

Ban taɓa shiga jirgi ba. Ban taɓa ganinsa kusa ba, sai dai farin zare a sama can nesa. Don haka duk abin da na tsaya ina gani a raina a gindin bedin nan da kayan garinmu na haɗa shi. Titin jirgin ya zama kwaltarmu, hasumiyar ta zama rumfar kwastan, manyan jirage suna jere kamar tirelolin nan, na Yaya ƙarami a bayansu. Duk motar da ta ja sai in bi bayanta da ido, in ga yadda ruwan kududdufi ke shiga rawa bayan ta riga ta yi nisa. Wani mai babur ya taso zai bi wata a manne, na ji bakina ya ce "dakata" ba da sanina ba. Bai ji ba, kuma babu abin da ya same shi.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun nan da ya yi bayan na ce ta nema. Na yi ta juya shi. Ko ya yarda? Ko duba agogo yake yi? In bai yarda ba, to na yi mafi muni ke nan: na ba shi damuwa ban ba shi labari ba. Yana can yana tambayar kansa wa ya mutu, ana ce masa ya dakata.

Mai shayi ya lura da ni. Ya sa wani direba ya matsa, ya ce, "'Yan mata, zo ki zauna, tsayuwa ba ta kawo sabis." Na girgiza kai. Ya ce, "Tsohuwa ce aka fita da ita? Allah ya ba ta lafiya. Ɗan namu na sama ya sani?" Na sake girgiza kai. Bai ƙara tambaya ba, ya zuba shayi a kofi ya ajiye a ƙarshen tebur ta wajena, ya rufe da faranti. Har na bar wurin ban taɓa shi ba.

Rana ta fito, laimar ta fara tashi daga kwalta kamar tururi. Baba ya samu ya kira daga wayar wani, na gaya masa, ya yi salati ya ce ga shi nan tafe. Faɗa masa bai yi mini wuya ba ko kaɗan. Nas ta kira ta ce sun isa, an karɓe ta, tana numfashi. Na ce tana magana? Ta ce tukuna. Cajin wayar ya koma ja, na rage hasken, na rufe ta da tafin hannu kamar hakan zai hana shi zuba.

Layin motocin ya kusa ƙarewa lokacin da ta yi ƙara. Ban bari ta yi na biyu ba.

Bai yi sallama ba. "Me ya sami Kaka?"

Na fara kuka, wanda ban yi ba tun safe. Na juya wa bencin baya na gaya masa komai a jere, kokon da ludayin da hannun da ya faɗi. Ya saurara bai katse ni ba. Ya tambayi wane asibiti, ya ce in turo masa lambar Nas, ya ce in koma gida in ci abinci. Ya kashe.

Kaka ba ta rasu ba. Ta yi makonni a asibiti, ta dawo da hannun hagu a naɗe a ƙirji, harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi mata dogon kokawa. Yaya ya iso washegarin faɗuwarta, ya kwana biyu a bakin gadonta. Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi laifi ba. Ta dai yi kwanaki tana miƙo mini abu ba tare da ta dube ni ba.

Sai ranar da zai koma muka samu zama ni da shi, a kan dakalin asibiti, yana ɓare mini lemo.

"Kin san tun a waya na gane?"

Na ce saboda cefanen ne.

"Cefanen, da muryarki. Ke da ba ki iya ce wa mai shago ya ba ki canjinki, za ki iya yi mini ƙarya?"

Na tambaye shi abin da ke cina tun ranar. Na ce to ya ya yi?

Ya ce ranar shi ne zai yi tuƙin tashi. Da ya shiga, kafin a rufe ƙofa, ya gaya wa kyaftin cewa akwai abin da ya faru a gida, bai san ko mene ne ba, kuma hankalinsa ya rabu. Kyaftin ɗin, wani dattijo, ya tambaye shi ko zai iya aikin ko a nemo wani. Ya ce zai iya. Sai dattijon ya ce to shi zai tuƙa, Yaya ya riƙe rediyo, kuma duk abin da hasumiya ta faɗa su maimaita shi su biyu.

Na ce, "Akwai babban jirgi a gabanku?"

Ya dube ni da mamaki, sai ya yi dariya. "Wai maganar nan ce tun ta bara? Akwai. Kusan kullum akwai. Muka jira, muka tashi." Ya miƙo mini ɓarin lemon. "Na san don ni kika yi. Amma nan gaba ki faɗa mini. Abin da na sani ina iya ajiye shi a ƙofa, in ya fi ƙarfina in ce ba zan tashi ba, a sa wani, ba laifi ba ne a aikinmu. Wanda ban sani ba shi ne ya bi ni har ciki."

Na ce to. Amma a raina ban gama yarda ba. Ban ga yadda mutum zai ji an ce bakin Kaka ya karkace ya ajiye shi a ƙofa ba. Har yanzu in na tuna, wani lokaci ina ganin da an sake, haka zan sake yi.

Bai daina kira ba. Yanzu kujera muke kai wa Kaka bakin rijiya, ni da Inna muna riƙe da ita. Addu'ar tana ɗaukar lokaci, wani wurin sai na ƙarasa mata, shi kuma yana jira, ko ana kiransa a lasifika. Abin da ya ƙaru shi ne in ta gama sai ya ce a ba shi Auta, ya tambaya, "Akwai abin da ya kamata in sani?"

Yawanci babu. Amma bayan sallar layya zazzaɓi ya kwantar da Inna, har Nas ta sa mata ruwa a ɗaki, ranar kuma rijiya ta ƙi. Na fita gindin bedi. Ya yi tambayarsa, na ji harshena yana neman cewa lafiya lau. Na haɗiye, na gaya masa: zazzaɓi ne, an sa mata ruwa, ta sha kunu da safe, Nas ta ce babu abin tsoro. Ya yi tambaya biyu, na amsa. Ya ce to, zai kira in ya sauka.

Na cika alƙawari, amma ban ji sauƙin da na zata ba. Na aika wata yarinya ta gaya wa Nas ina bakin titi in ana nemana, na jingina da bishiyar, wayar a hannuna, na tsaya har ya kira.